KWAMFUTAR DA BA TA DA FUSKA: YADDA NAKE KOYAR DA ƊALIBAN KIMIYYAR KWAMFUTA EMBEDED SISTEM

 Kamar yadda aka saba, ga rubutaccen shirin nan saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma masu cewa su karatu ya fi shigar su.

Bari in fara da tambaya. Wa ya tuna hayaniyar mitar wuta a ƙarshen 2024? Lokacin da aka yi ta sanarwa cewa kowa ya sabunta mitarsa kafin 24 ga Nuwamba, in ba haka ba za ta daina karɓar kati? Mutane da yawa sun ɗauka wata dabara ce ta ƙarin kuɗi. To ga abin da ya faru. Cikin lambobi 20 ɗin nan da kake saya kana dannawa, akwai wata lamba a ɓoye mai nuna mintin da aka fitar da katin. Da ita mita ke gane katin da aka riga aka loda, don kada a sake loda shi. Tsarin da mitocin ke bi, STS, wanda ya samo asali daga Afirka ta Kudu, a wancan lokacin yana ƙirga mintocin ne tun daga 1 ga Janairu 1993, kuma gurbin da aka ware wa ƙirgen bit 24 ne kacal. Bit 24 na ɗaukar lambobi 16,777,216. Ka mayar da wannan zuwa mintoci, za ka samu kusan shekara 32. Wato ranar 24 ga Nuwamba 2024 buhun ya cika. Waɗancan katunan biyu da aka ba mutane su danna, aikinsu shi ne su canza makullin mitar, su kuma mayar da farkon ƙirgen zuwa 2014.

Kun ga abin? Wani mutum ya zauna shekaru talatin da suka wuce ya ce bit 24 ya isa. Shawararsa ta zo ta ƙwanƙwasa ƙofar miliyoyin gidaje. To irin wannan mutumin nake ƙoƙarin tarbiyyantarwa a aji, kuma a kansa za mu yi magana yau.

Ni malami ne a sashen kimiyyar kwamfuta, kuma cikin darussan da nake ɗauka akwai wanda ake kira embeded sistem. In za mu faɗe shi da Hausa, kwamfutar da aka dasa a cikin wata na'ura don ta yi aiki guda. Ba ta da allon kallo irin na laftof, ba ta da linzami, galibi ma ba ka san tana wurin ba. Tana cikin mitar wuta, tana cikin na'urar POS, tana cikin inbata da na'urar da ke kula da cajin batirin sola, tana cikin rimot, injin wanki, birkin mota, da na'urar auna sukari ta Baba. Zuciyarta wani ɗan cip ne da ake kira maikurokwanturola, wanda ya haɗa ƙwaƙwalwar lissafi, ma'adanar bayanai da ƙafafun da yake taɓa duniya da su, duk a guntu ɗaya da bai kai ɗan yatsa ba. In ka ƙirga irin waɗannan a gidanku, za ka tarar sun ninka wayoyi da laftof ɗin gidan.

Yanzu ina matsalar take? Ɗalibin kimiyyar kwamfuta ya taso ne a hannun kwamfuta mai haƙuri. Tun aji ɗaya yake rubuta Python ko Java a laftof mai RAM gigabayit 4 ko 8. In ya yi kuskure, jan rubutu zai fito ya ce masa layi kaza ne. In ya ɓarnatar da ma'adana, akwai mai shara a bayansa yana kwashewa. In manhajarsa ta maƙale, Windows ko Linux za su rufe ta, ya sake buɗewa. Kamar yaron da ya tashi a gidan da akwai masu aiki ne, bai taɓa sanin wa ke wanke kwanon da ya ci abinci ba. Ranar da ka miƙa masa maikurokwanturola, ka kai shi gidan da shi ne mai gida, shi ne mai shara, shi ne mai gadi.

Shekarar da na fara koyar da darasin nan, wallahi ban kyauta ba, kuma laifina ne. Na koyar da shi a kan allo daga farko har ƙarshe. Na zana akwatuna da kibiyoyi, na ba da ma'anoni, ɗalibai suka haddace, suka ci jarrabawa da maki masu kyau. Bayan shekara guda ɗaya daga cikinsu, yarinya mai ƙoƙari sosai, ta zo da aikinta na kammala karatu. Na'ura ce da za ta kunna famfon tura ruwa zuwa tanki na minti ɗaya, ta kashe, ta duba ko tankin ya cika. Ta haɗa komai a gida, ta kunna, ta shiga ɗaki. Famfo ya tashi bai tsaya ba, har ruwa ya malale tsakar gida. Ta zo min ranta a ɓace, ta ce, "Malam, na duba kod ɗin nan ya fi sau ashirin, babu kuskure."

Na duba. Ta rubuta a jira na 60 sau 1000, wato milisakan dubu sittin, minti ɗaya ke nan. A Python wannan daidai ne. A laftof da harshen C ma daidai ne. Amma a kan allon Arduino Uno, nau'in lambar da ake kira int bit 16 ne, iyakarsa 32,767. Dubu sittin ba ta shiga. Lissafin ya zagayo ya koma lamba mai ragi, aikin jiran kuma ya karanta ta a matsayin wata ƙatuwar lamba sama da biliyan huɗu. Wato ta umarci famfon ya yi aiki na kusan kwana 50. Na'urar ba ta yi gardama ba, ba ta fito da jan rubutu ba, abin da aka ce ta yi shi ta yi.

Na ce mata, "Malama, ba ke kika faɗi ba, ni na faɗi. Na koya miki ma'anar bit 16, ban taɓa bari ya cije ki ba." Kuma na gaya mata kada ta ji kunya, don manya sun yi wanda ya fi nata. Ranar 4 ga Yuni 1996, rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tarwatse a sama ƙasa da minti ɗaya da tashinta na farko. Dalili? An yi ƙoƙarin cusa lamba mai bit 64 a gurbin bit 16, a cikin kod ɗin da aka ɗauko daga tsohuwar roka Ariane 4, wadda yanayin tafiyarta bai taɓa kai lambar ga wannan girman ba. Ciwo ɗaya ne da na famfonta, ciwo ɗaya da na mitarmu. Girman asarar ne ya bambanta.

Daga wannan ranar na rushe tsarin darasin na sake gini. Abin da na tsaya a kai guda ne: wannan ilimin a hannu yake shiga, kuma aikin malami shi ne ya riƙa janye wa ɗalibi matashin da ya saba jingina da shi, ɗaya bayan ɗaya, a wurin da in ya faɗi ba zai karye ba. Bari in bi da ku matakan.

Mataki na farko, ranar farko, kafin kowace ma'ana, kowa sai ya kunna ɗan ƙwan LED. Ina amfani da Arduino, wanda aka ƙirƙira a 2005 a garin Ivrea na Italiya, su Massimo Banzi da abokan aikinsa, kuma asali don ɗaliban zane da ƙira aka yi shi, waɗanda ba injiniyoyi ba. Shi ya sa yake da sauƙin shiga. Layi biyar ko shida, ƙwai ya fara ƙiftawa. Za ku yi mamakin yadda ƙato mai gemu, wanda ya gina shafukan intanet, zai yi ihu don ɗan ƙwai ya haska. Karo na farko ke nan da rubutunsa ya fito daga gilashi ya taɓa wani abu.

A nan kuma nake shigo da wutar lantarki, don ɗaliban kwamfuta na tsoron ta kamar maciji. Ba na koya musu injiniyanci gaba ɗaya, abu kaɗan nake so su riƙe. Ƙafar Uno na ba da bolt 5. Jan LED na cin kamar bolt 2. Saura 3. In ka sa rizista mai om 220, wutar da za ta bi ta kai kamar miliamf 14, lafiya lau, tunda ƙafar cip ɗin an fi so kada ta wuce 20. In ka cire rizista, ko ƙwan ya mutu ko ƙafar ta lalace. Nakan bar rukuni ɗaya su ƙona LED guda a gaban kowa, da gangan. Ƙwan ba shi da tsada, darasin kuma ba ya fita. Gani ya kori ji.

Mataki na biyu, sai in ƙwace sauƙin. Nan ne wasu malamai ke tsayawa, su bar ɗalibi a kan Arduino har ƙarshen zango yana kwafo kod daga intanet yana liƙawa. Wannan ɗalibin ya iya haɗa kaya, amma bai san abin da ke gudana ba. A mako na uku nakan ce, daga yau an haramta digitalWrite. Ƙwan nan dai za ku kunna, amma da hannunku. Sai mu buɗe kundin bayanan cip ɗin, ATmega328P, mai shafuka ɗaruruwa. Su gano cewa ƙafa ta 13 a kan allo ita ce bit na 5 a rukunin ƙafafu na B. Akwai wata rajista, wato ɗan gurbi na musamman a cikin cip, mai suna DDRB, wadda ke faɗin ƙafa ta fitarwa ce ko ta shigarwa. Akwai PORTB, wadda ke kunnawa da kashewa. Ka sa 1 a bit na 5, ƙwai ya kama. Shi ke nan sirrin.

A wannan makon ne abubuwan da suka haddace a aji biyu ke farkawa. Lissafin sifili da ɗaya, AND da OR, tura bit hagu da dama, nuni zuwa adireshin ma'adana, duk waɗanda suke tambaya "Malam, wai ina amfanin wannan?", sai ga amfaninsu a tafin hannu. Kuma sukan ga cewa rubutu kai tsaye a rajista ya fi digitalWrite sauri ninki-ba-ninki, domin shi digitalWrite sai ya tsaya ya yi bincike iri-iri kafin ya taɓa ƙafar. Sauƙi yana da farashi, kuma injiniya shi ne wanda ya san nawa ne farashin.

Karatun kundin nan shi ne babban abin da nake so su fita da shi. Cip zai canza, kamfani zai canza, amma wanda ya iya buɗe kundi mai shafi ɗari shida ya nemo layi ukun da yake buƙata, ba ya jiran kowa.

Mataki na uku shi ne talauci. Uno na da ma'adanar kod kilobayit 32, RAM kuma kilobayit 2. Ku ji da kyau, bayit 2,048. Wannan rubutun da kuke karantawa ya ninka haka sau da yawa. Hoton da ka ɗauka da safe ya ninka shi sau dubu. Nakan ba su aiki: ku adana ma'aunin zafi na awa 24, kowane minti ɗaya. Ɗalibi zai yi yadda ya saba, ya buɗe jeri mai gurbi 1,440, kowanne lamba mai ɗigo mai cin bayit 4. Jimla 5,760. Ba wuri. To ya za a yi? Nan tunani ke farawa. Wani ya ce a adana kowane ma'auni a bayit ɗaya, ya zama 1,440, ya shiga amma da ƙyar. Wata ta ce a riƙa ɗaukar matsakaicin kowane minti goma, gurbi 144 ya isa. Wani ya tambaya, shin ma muna buƙatar duka, ko mafi zafi da mafi sanyi kawai? Wannan muhawarar ita ce darasin.

Kuma in RAM ya cika a nan, ba mai gaya maka. Bayanai za su hau kan juna, na'ura ta fara abin da ba a gane ba, ko ta sake tashi da kanta. Nakan tuna musu cewa kwamfutar da ta kai 'yan sama jannatin Apollo 11 duniyar wata a 1969, ma'adanarta ta aiki kalmomi 2,048 ce kawai. Ƙarancin wuri bai hana babban aiki, sakaci ne ke hanawa.

Mataki na huɗu, wanda ya fi ba su wuya, shi ne lokaci. A darussan kwamfuta na yau da kullum, in manhaja ta ba da amsa daidai, ta ci, ko ta ɗauki sakan ɗaya ko biyar. A nan amsar da ta makara kuskure ce. Jakar iskar mota da ta buɗe bayan sakan biyu da karo, lissafinta daidai ne, amma mai motar bai amfana ba. Edward Lee da Sanjit Seshia na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley sun gina littafinsu na wannan fanni a kan wannan batu, cewa harsunan da muke rubuta kod da su ba su da bakin faɗin tsawon lokacin da abu zai ɗauka, alhali duniyar zahiri da lokaci take tafiya.

Ga yadda nake sa su ji a jikinsu. Ƙwai na ƙiftawa kowane sakan biyu da umarnin delay. Sai in ce ku ƙara maɓalli, da an danna ƙararrawa ta yi ƙara nan take. Su haɗa, su danna, shiru. Su sake dannawa, wani lokaci ta yi, wani lokaci ta ƙi. Me ya faru? Ai delay barci ne. Cip ɗin ya rufe ido na sakan biyu, duk wanda ya yi sallama a lokacin bai ji ba. Magani na farko, a daina barci, a riƙa duba agogo: akwai millis, mai ƙirga milisakan tun da aka kunna na'ura, sai ka riƙa tambaya, lokaci ya yi? In bai yi ba ka ci gaba da sauran aiki. Shi ma wannan agogon bit 32 ne, yana cika ya koma sifili bayan kwana 49 da 'yan awoyi, don haka dole ka rubuta lissafinka yadda zai tsallake ranar. Kun ga mitar nan ta sake dawowa.

Magani na biyu shi ne abin da nake kira katse hanzari. Ka gaya wa cip, duk abin da kake yi, in ƙafar nan ta motsa, ajiye shi, je ka yi wannan ɗan aikin, ka dawo. Kamar mai shago ne yana lissafin ciniki, mai saye ya yi sallama, ya sa alama a littafi, ya sallame shi, ya dawo inda ya tsaya. Amma fa nan ne aljanun suke. In aikin katsewa da babban aiki suna taɓa lamba ɗaya, za a iya katse babban aikin yana tsakiyar karanta ta, ya kwashi rabin tsohuwa da rabin sabuwa. Kuma in ba ka sa wa lambar alamar volatile ba, manhajar da ke fassara kod za ta iya ɗauka ba mai canza ta, ta daina duba ta gaba ɗaya. Irin wannan kuskuren yakan fito sau ɗaya cikin dubu, kuma ba ya fitowa ranar da kake nemansa. Ɗalibin da ya kwana biyu yana farautar irinsa, in ya koma darasin babbar manhajar kwamfuta aka yi maganar ayyuka masu tsere da juna, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Mataki na biyar, duniya ba ta da tsabta. A kod, maɓalli ko 0 ne ko 1. A zahiri ƙarfe biyu ne ke haɗuwa, kuma kafin su zauna sai sun yi 'yar rawa ta wasu milisakan. Kai ka danna sau ɗaya, cip ya ƙirga biyar ko bakwai. Nakan sa su gina na'urar ƙirga masu shiga ɗaki, mutum uku su shiga, allo ya nuna goma sha ɗaya, aji ya fashe da dariya. Daga nan su koyi jira na kamar milisakan 20 zuwa 50 kafin su yarda da dannawa. Haka sensa. Uno na mayar da wuta daga bolt 0 zuwa 5 ta zama lamba daga 0 zuwa 1023, amma ka ajiye sensa a wuri ɗaya ba ka taɓa ba, za ka ga lambar na rawa. Sai an tace. Haka in ka haɗa mota ko rile ba tare da kariya ba, duk lokacin da ya kashe sai ya turo wuta baya, cip ya rikice. Ɗalibi zai rantse kod ne, alhali waya ce ta saki ko batir ne ya yi sanyi. Shi ya sa nake cewa kafin ka zargi kod, ɗauko mita ka auna. Ɗalibin kwamfuta da ya iya riƙe maltimita ya ƙara hannu na uku.

Mataki na shida shi ne wanda nake ɗauka da nauyi: me zai faru in abin ya lalace? Domin zai lalace. Laftof in ta maƙale kana nan za ka danna. Na'urar da ke kan tanki a saman bene, ko cikin gona, ko a jikin majiyyaci, wa zai danna mata? Shi ya sa cip ke da abin da ake kira karen gadi. Wani agogo ne daban da dole kod ɗinka ya riƙa shafa kansa a kai a kai. In aka ɗauki lokaci ba a shafa ba, ya san an maƙale, sai ya sake tayar da na'urar. A 1997, na'urar Mars Pathfinder da Amurka ta saukar a duniyar Mars ta yi ta sake tashi da kanta. Wani ƙaramin aiki ne ya riƙe abin da babban aiki ke jira, matsakaitan ayyuka kuma suka hana ƙaramin gamawa. Tsarin gadin ne ya riƙa ceto ta, har injiniyoyi suka gano matsalar suka aika gyara daga nan duniya.

Sannan ina ware zama guda cur don labarin Therac-25. Na'urar gashin cutar daji ce da wani kamfanin Kanada ya ƙera. Tsakanin 1985 da 1987, aƙalla sau shida ta zuba wa majiyyata haske mai ƙarfin da ya wuce ƙima nesa ba kusa ba, a Amurka da Kanada, wasu suka rasu. Na'urorin da suka gabace ta suna da makullan kariya na ƙarfe, waɗanda ko manhaja ta yi kuskure za su hana. A wannan aka cire su, aka dogara da manhaja. Ɗaya daga cikin kurakuran yana fitowa ne idan ma'aikaci ya yi saurin gyara abin da ya shigar cikin 'yan sakanni. Wani kuma ma'ƙirgi ne mai bayit ɗaya da ke cika ya koma sifili, a daidai lokacin sai a tsallake binciken lafiya. Nancy Leveson da Clark Turner sun wallafa cikakken bincike a kai a 1993. Ranar wannan zaman aji kan yi tsit, domin sun gane cewa kurakuran nan biyu su ne waɗanda suka yi da hannunsu a mako na biyar da na bakwai suna dariya.

Na san abin da wasu malamai 'yan uwana za su ce: "Malam, duk mun ji, ina kayan aikin?" Gaskiya ne, ɗalibai sun fi alluna yawa, wuta ma ba kullum ba. Ga yadda nake lallaɓawa. Akwai manhajojin kwaikwayo kamar Wokwi da Tinkercad, a burauza suke aiki, ka haɗa waya ka rubuta kod ka gani. Kowa ya fara gwada nasa a can. Sannan rukuni na mutum uku ko huɗu su hau allo ɗaya na gaske, kuma ina juya aikin: mai rubutu yau, gobe shi ne mai haɗa waya, jibi mai aunawa. In ba haka ba, mutum ɗaya zai yi komai, mata kuma a bar su da rubuta rahoto, abin da ba na yarda da shi ko kaɗan. Allunan nan da kebul na USB suke aiki, fawa bank ma ya ishe su. Amma kada kwaikwayo ya zama shi ne ƙarshe, domin a cikinsa waya ba ta saki, batir ba ya sanyi.

Kayan ma sun yi sauƙi fiye da da. Raspberry Pi, wanda ya fito a 2012, asalinsa damuwa ce irin tawa: Eben Upton da abokansa a Jami'ar Kambirij ta Ingila sun lura masu neman shiga karatun kwamfuta na raguwa, kuma waɗanda ke zuwa ba su taɓa wasa da cikin na'ura ba. A Janairun 2021 suka fitar da Pico a kan dala 4, mai RAM kilobayit 264. Akwai kuma ESP32 na kamfanin Espressif, mai Wi-Fi da Bluetooth a jikinsa. Waɗannan biyun da bolt 3.3 suke aiki, a kula kada a ɗura musu 5 a ƙafa. Nakan kai ɗalibai kansu a ƙarshen zango, bayan sun sha wuyar kilobayit 2, don su san darajar abin da suka samu.

Jarrabawa ma na canza ta. Rabin maki na kan aikin hannu. Kuma ranar gwaji ba na tsayawa kallon abin yana aiki, ƙoƙarin kashe shi nake yi. In zare sensa in ga me zai yi. In danna maɓalli sau ashirin a jere. In cire wuta a tsakiyar aiki in mayar. Tambayata guda ce: in komai ya rikice, famfon nan a kunne zai tsaya ko a kashe? Wanda ya yi tunanin wannan tun kafin in tambaya, shi ne ya ci.

Kai kuma ɗalibi ko ɗaliba da ke sauraro, in makarantarku ba a yin wannan darasin, ko ana yin sa a kan allo kawai, kada ki jira, kada ka jira. Buɗe Wokwi yau ka kunna ƙwai. Gobe ka kunna shi ba tare da digitalWrite ba. Ku haɗa kuɗi ku uku ku sayi allo ɗaya da maltimita. Ku koyi harshen C da gaske. Ku je wurin mai gyaran inbata ko rediyo na unguwarku ku zauna, ya san abubuwa game da wuta da ba za ku samu a aji ba, ku kuma kun san abin da ke cikin cip ɗin da yake canzawa. Ku nisanci wutar gida mai bolt 230 har sai kuna tare da wanda ya san ta, wannan ba wasa ba ne. Ko da a ƙarshe manhajar waya za ka riƙa rubutawa, wanda ya taɓa zama da bayit 2,048 hannunsa daban ne.

Ita kuwa mai famfo, harafi biyu ta ƙara a bayan lambar, UL, don a yi lissafin a gurbi mai bit 32. Sannan da kanta, ba ni na ce ba, ta ƙara wani maɓalli mai yawo a kan ruwa wanda ke yanke wutar famfon in tanki ya cika, ko kod ya yarda ko bai yarda ba. Da na tambaye ta dalili, sai ta ce, "Malam, ai na daina yarda da kaina ɗari bisa ɗari."

A nan za mu dakata. Ku faɗa mana a ƙasa, wace na'ura ce a gidanku kuke zargin akwai kwamfuta a cikinta? In kuma kun taɓa ƙona wani abu garin gwaji, ku ba mu labari, ba mai yi muku dariya sai kaɗan. Ku tura wa abokin da ke karantar kwamfuta. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu.